Glenda Sizemore da Bayan Takardar Ƙuri'a

Shekara ashirin da uku Glenda Sizemore tana tuƙa motar 'yan makaranta a wata ƙaramar hukuma cikin tsaunukan Kentucky, kuma ba ta taɓa zaɓen alƙali ba, alhali a can da ƙuri'a ake zaɓen alƙalai. Ba wai ba ta zuwa rumfar zaɓe ba ne. Tana zuwa, ta cike wa shugaban ƙasa da gwamna, ta kama gabanta. Sunayen alƙalai a bayan takardar suke, kuma a garin nan wa ke juya ta? Da haka Alƙali Ratliff ya shekara goma sha shida a kotun iyali, yana sallamar mutane kamar mai sayar da tikiti.

'Yarta ta rasu ta bar mata jika, Tessa, mai shekara takwas. Uban yarinyar, Dwayne, mashayi ne na ƙin ƙarawa, amma kotu ta ba shi ita duk ƙarshen mako. Ran Litinin Glenda ke ganin shatin yatsu a damtsen yarinyar. Ta kai hotuna kotu, Ratliff ko kallo ba su ishe shi ba. Ya ce yarinya tana buƙatar ubanta, ya sa watan Janairu don yanke ko za a miƙa wa Dwayne ita ɗungurungum. Ita Tessa kuwa ba wanda ya tambaye ta komai. Ranar Glenda ta yi kuka a mota, kukan baƙin ciki da tsoro.

To, zaɓe a Nuwamba yake, kafin Janairun. Wata lauya, Noreen Tackett, ta fito takarar kujerar Ratliff da magana ɗaya: kowane yaro a ba shi mai tsaya masa, kuma alƙali ya ji ta bakinsa a ɗaki, ba a gaban iyaye ba. Glenda ta ritsa ta a walimar coci, ana cin wake da burodin masara, ta nemi alkawari a kan Tessa.

"Yaya Glenda, kada ki ƙara kalma," in ji Noreen. "Doka ta hana mai neman alƙalanci alkawarin hukunci."

Glenda ta fita tana faɗa, wai ita ba ta taɓa ganin 'yar takarar da ko ƙarya ba ta iya yi wa mutum ba. Kwana biyu da ta huce sai ta ce ai irin wannan ake nema.

Ta shiga gida-gida da samfurin takardar ƙuri'ar, tana nema wa Noreen goyon baya. Wane gida ne motarta ba ta tsaya a ƙofarsa ba? Rabin masu zaɓen ita ta kai su makaranta.

"Kai Travis, ni na share maka majina a kujerar baya," ta ce wa wani ƙaton makanike. "Juya takarda ba zai karya maka hannu ba."

Noreen ta ci da ratar ƙuri'a ɗari biyu da 'yan kai. Glenda ba ta gama murna ba sai ga wasiƙa: sabuwar alƙaliya ta cire hannunta daga shari'ar Tessa, saboda kakar ta yi mata yaƙin zaɓe. Za a kawo wani alƙali daga maƙwabta. Kai, Glenda ta yi masifa! Ta ce ta kashe takalma biyu a banza.

Ashe ba a banza ba ne. A makonta na farko Noreen ta sa hannu a sabuwar ƙa'idar jin ta bakin yara, kuma duk wanda ya zauna a kujerar dole ya bi ta. Baƙon alƙalin, dattijo mai sanƙo, ya shiga ɗaki da Tessa da matar da aka naɗa ta tsaya mata. Glenda ta zauna a benci a waje, Dwayne yana ɗaya gefen yana karkaɗa ƙafa.

Hukunci ya fito kafin azahar: Tessa tana wurin kakarta, uban zai riƙa ganinta a ofis, a gaban ma'aikaciya. A mota Glenda ta tambaye ta abin da alƙalin ya ce mata a ɗakin.

"Cewa ya yi in faɗa a hankali, Kaka, yana rubutawa," in ji Tessa. "Na faɗa masa har wanda ban faɗa miki ba."