Tabarmarmu a ƙofar asibiti

Shekarun baya, lokacin da unguwarmu ta cika da mutanen da rikici ya koro daga ƙauyuka, aka ce za a ba mu ƙaramin asibiti na awon ciki da rigakafi. Bulama, mai unguwarmu, ya kafa kwamiti, ni kuwa da yake bakina ba ya gajiya, aka ba ni shugabanci. Da aka zo zaɓen wuri, ni na nuna wani gida da ke kallon dalbejiyar da muke majalisa a ƙarƙashinta. Na ce a nan idonmu na kai, ko allura ba za ta ɓace ba. Kowa ya yaba.

Aka buɗe, aka kawo mana nas mai haƙuri. Mu kuma muka ƙara tabarma da butar shayi, tun hantsi muna nan, muna jin kanmu masu gadin lafiyar jama'a.

Mata suka ƙi zuwa. Nas ta riƙa wuni tana korar ƙuda, har aka aiko cewa in haka ta ci gaba za a mayar da ita wata unguwa, a rufe wurin. A taron da muka kira, na miƙe na zuba jawabi. Na ce matanmu ba su san ciwon kansu ba, an kawo musu asibiti har ƙofar gida amma sun fi son jiƙe-jiƙe.

Maganar ta riga ni isa gida. Da la'asar mahaifiyata ta sa aka kira ni. Lokacin matata na da cikin fari, ƙafafunta duk sun kumbura.

"Na ji ka yi wa'azi," in ji ta. "To, taka matar ina take awo?"

Kullum ina ƙofar asibitin, ban taɓa ganin ta shiga ba, kuma abin bai taɓa damuna ba.

Ta ce, "Ni nake saka ta a keke napep mu tafi wani asibiti can bayan Kasuwar Kwastam, mu bi layi har azahar. Yarinya da cikin fari za ta cire takalmi ta durƙusa gaban kawunka da abokanka, kuna kallon cikinta, sannan ta shiga? In ta fito ku ce mata ya jiki? Ni da furfurata ma ba zan iya ba."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Washegari na faɗa wa 'yan majalisa abin da mahaifiyata ta ce, kaina a ƙasa. Wani abokina ya ce, "Yanzu inuwar da muka girma a cikinta za mu bari?" Bulama kuwa ya miƙe ya fara naɗe tabarma da hannunsa. Muka koma bayan shagon mai faci, inda rana ke dukan ƙeya. Ba a jima ba bencin asibitin ya cika, har da matata, nas ɗin kuma ba ta je ko'ina ba.

Har yau ina zuwa irin waɗannan taruka. Duk wanda ya miƙe ya ce mata ba sa zuwa asibiti, sai in ji tsohuwar kunyar ta taso min, in tambaye shi wa ke zaune a ƙofar.

Dalbejiyar na nan, yanzu mata ne ke jiran layi a ƙarƙashinta. In na hango su, ni nake sunkuyar da kai in sauya hanya.