Buba, kwas ɗaya ne ya rage mu zaɓa

Da safen nan aka kira ni aka ce Buba ya rasu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina zaune a ƙofar gidanmu a Bagudo, ko karyawa ban yi ba, sai ga lambar wansa, Yaya Manu. Na ɗauka zai ce min Buba yana hanya. Sai na ji muryarsa ta sauya. Ya ce, "Nasiru, sai haƙuri. Kwale-kwalen da Buba ya shiga jiya da yamma ya kife. Yanzu-yanzu masunta sunka fiddo shi."

In kun ga kuskure a rubutun nan, ku yi min uzuri.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Buba ɗan ajinmu ne a jami'a. Kwamfuta da Fiziks muke karantawa a haɗe, digiri ɗaya. Mu biyu ne kawai daga yankinmu. Rugarsu tana tsallaken kogin Kwara, daf da iyakar Benin, inda wayarka za ta saki sabis ɗin Najeriya ta kama na can ba ka sani ba. Da damina hanyar mashin yankewa take yi, dole sai an shiga ruwa.

Wanda bai yi irin karatunmu ba, ba zai gane yadda rijistar kwas take tayar mana da hankali ba. Sashe biyu ne a kanka, kowanne da kwasa-kwasansa na dole, kuma akwai iyakar yunit ɗin da za ka iya ɗauka. Sai ka ga Fiziks sun sa lab, wato darasin ɗakin gwaji, a daidai lokacin da Kwamfuta suka sa lacca. Ka kuskure zaɓi ɗaya, ka ƙara shekara.

Ni don kwamfuta na shiga. Fiziks tun sakandare nake jin tsoronsa.

A layin ofishin kodineta, malamin da ke kula da rijistarmu, muka haɗu, muna aji ɗaya. Yana bayana, ya leƙo takardata ya ce, "Kaɗo, wa ya cika maka wagga takarda?" Na ce ni na cika. Ya nuna min na tsallake wani kwas na lissafi wanda in ba ka yi shi ba, ba za a bar ka ka ɗauki wasu kwasa-kwasai biyu a aji biyu ba. Ya ba ni bironsa na gyara a tsaye.

Tun daga ranar ban sake yin rijista ni kaɗai ba.

A aji biyu na faɗi kwas ɗin lantarki da maganaɗisu. Makina ya yi ƙasa sosai, aka ba ni takardar gargaɗi cewa in na sake zubewa za a sallame ni. Ban faɗa wa Baba ba. Ban faɗa wa Mama ba. Buba kaɗai ya ga takardar.

Semestar da ta biyo baya, duk Talata da Alhamis bayan la'asar sai ya zauna da ni a bayan laburare yana maimaita min. Sai can tsakiyar semesta na ga fom ɗinsa, na lura babu kwas ɗin koya wa kwamfuta gane hotuna, wanda ya shekara yana maganarsa. Laccar kwas ɗin a daidai lokacin zamanmu take. Na tambaye shi, ya ce, "Ai ba gudu zai yi ba."

Bai sake samun gurbin ɗaukarsa ba har yau.

In ya dawo daga hutu, Innarsu takan haɗo shi da man shanu a 'yar roba. Kafin ya buɗe jakar kayansa sai ya raba biyu ya miƙo min rabi. Lokacin da laftof ɗina ya mutu ana saura sati biyu mu miƙa aiki, nasa ya bar min da rana, shi kuma yana rubuta nasa kod ɗin kwamfutar a littafi da biro, sai na gama ya kwafa.

Yanzu za mu shiga ajin ƙarshe. Duk mun daidaita a kan komai, saura gurbi ɗaya mai yunit uku. Ko dai kwas ɗin adana bayanai daga sashen Kwamfuta, wanda na san zan ci, ko kuma kwas ɗin eriya da siginar rediyo daga sashen Fiziks, wanda ɗalibai suke gudu. Buba na biyun yake so mu ɗauka, saboda furojet ɗin da ya tsara mana: mu bi ƙauyukan bakin iyaka mu auna inda sabis yake ɗaukewa, mu ga ko ƙaramar na'ura za ta iya jawo shi. Kuma ba a barin mutum biyu su haɗa furojet ɗin sai dukansu sun yi kwas ɗin.

Ganina da shi na ƙarshe ran Litinin ne, a tashar mashin, ƙarƙashin dogon yaro kusa da mai cajin waya. Ya shigo sayen maganin shanu. Muka shimfiɗa takardar a kan kujerar wani mashin.

Na ce, "Buba, in na faɗi wanga kwas kora ce. Mi zan ce ma Baba?"

Ya ce, "Ba ka faɗuwa. Ina nan."

Na ce, "Kullum haka kake cewa."

Ya yi dariya ya ce, "To ka taɓa nema na ka rasa?"

Ya rubuta min faswod ɗinsa na rijista a gefen takardar, ya ce in na yanke shawara in cika mana duka, tunda su can babu sabis. Ya hau mashin zuwa bakin kogi, ya ɗaga min ledar maganin. Shi ke nan.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan, kuma gara in faɗe shi.

Ran Laraba ya hau tudun bayan rugarsu ya samu sabis ya kira ni. Ya ce na cika? Na ce ban cika ba, kuma ba zan danna komai ba sai ya zo mun sake zama, ga shi Juma'a ake rufe potal ɗin rijista. Ya ce ruwa ya cika ƙwarai, Inna ba ta son ya ƙetare a satin nan. Na ce, "Ka dai zo." Ya ce, "To, gobe in na maido shanu."

Jiya na zauna a kafen intanet ina jiransa tun la'asar har aka kira magariba. Na yi ta kiran wayarsa ba ta shiga. Na ce sabis ne. Har haushinsa na ji a hanyar gida.

Na san ajali ne. Na san ko ban kira ba, lokacinsa ba zai wuce ba. Haka Baba ya faɗa min ɗazu, haka ni ma zan faɗa wa wani. Amma faswod ɗinsa yana aljihuna tun Litinin. Minti biyar ya ishe ni in gama komai. Tsoron kwas ɗaya ne ya hana ni.

Ina jin tsoron haɗa ido da Inna. Ban san ko ta san wanda ya kira shi ba.

Ina jin tsoron komawa makaranta in shiga lab in ga wanda za a haɗa ni da shi.

Ɗazu na kira kodinetanmu na sanar da shi. Ya daɗe yana salati. Na fara yi masa maganar potal, ya katse ni ya ce, "Bar wannan, zan rubuta a ƙara maka lokaci. Je ka rufe ɗan'uwanka." Har zan ajiye sai ya ce, "Nasiru, ka san ya zo ofishina kafin hutu? Ya tambaye ni in kai ka ƙi kwas ɗin eriya, ko zai iya bin ka na adana bayanai ku canza furojet. Na ce zai iya. Ya ce to kada in faɗa maka, yana son ka gwada zuciyarka tukuna, amma ba zai tilasta maka ba."

Ashe duk wanda na danna, shi ya riga ya yarda.

Ban san wanda zan ɗauka ba yanzu. Ba yau ba.

Bayan sallar Juma'a za a yi jana'iza a can rugarsu, kuma babu wata hanya sai ta ruwan. Mama tana ɗaki tana kuka, ta ce kada in shiga. Baba ya ce mata tare za mu je, ya riga ya sa hularsa yana jirana a zaure. Ban iya iyo ba. Amma zan je.

Ya Allah, Ka gafarta wa Abubakar, Bubanmu. Ka karɓe shi a cikin shahidai, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa ilimin da ya raba mana ya zame masa haske. Ka jiƙan duk wanda ya rasu tare da shi a jirgin nan. Ka ba Inna da Yaya Manu juriyar wannan rashi.

Don Allah duk wanda ya karanta, in ka je masallaci yau ka ambaci sunansa a sujada. 'Yan ajinmu, ku sanar da sauran. In akwai wanda ya taɓa saɓa wa, ya yafe masa. Mu kuma ku roƙa mana Allah Ya ƙetarar da mu lafiya, mu samu yi masa salla.