Ranar da na tarar da baffan mijina a ɗakin intabiyu

Assalamu alaikum. A shekarun da mulkin farar hula ya dawo, ana ta zancen shari'a a rediyo, ni ƙaramar mace ce mai ɗa guda a Fammar. Firamare kawai na gama, sai ɗan karatun Islamiyya. Yaron nawa sikila ne. Duk sanda ciwon ya motsa sai mun nemi mai babur zuwa Rano, ina rungume da shi yana miƙewa a jikina. Ko tari ya yi sai na taɓa goshinsa.

Ana nan sai aka ce ƙaramar hukuma za ta ɗauki mata masu taimaka wa ungozoma a ɗan asibitin da aka buɗe kusa da mu. Abin da ya ja ni shi ne in ina aiki a can, yarona yana kusa da masu magani. Maigidana ya kai ni shagon mai buga takardu a Rano don a rubuta mini bayanin kaina. Mutumin ya tambaye ni me na iya, na ce babu komai. Maigidana ya yi dariya, ya ce a rubuta cewa tun ina budurwa nake bin kakata ungozoma gida-gida, ni ke dafa ruwa, ni ke riƙe mai naƙuda. Da aka karanta mini takardar sai na ji kamar labarin wata ake ba ni.

Daga nan kullum bayan la'asar sai maigidana ya kife turmi ya zauna a kai, ya sa wani tsohon tabarau, ya ƙanƙance murya wai shi ne shugaban kwamitin intabiyu. Yana kirana Hajiya mai neman aiki, yana cewa in ɗaga kai, ba ƙasa ce za ta ɗauke ni aiki ba. Da farko dariya ke hana ni amsa, amma a hankali bakina ya saba. Sai dai ko sau ɗaya ba mu tambayi su wa za su zauna a ɗakin ba.

Ranar intabiyu a sakatariyar Kibiya, da aka kira ni na ɗaga labule, sai ga ƙanin mahaifin mijina na Fassi a zaune cikin masu tambaya, an sa shi a matsayin dattijon gari. Tunda aka kawo ni gidansu, gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, ita ma daga nesa, a durƙushe. Ban san sanda na cire takalmi na zube ƙasa ba. Wata malamar asibiti ta ce in tashi in zauna a kujera, na kasa. Ta tambaye ni cikin taushi me nake yi in jini ya ƙi tsayawa bayan haihuwa. Wallahi na san amsar, amma ta yaya zan yi zancen haihuwa a gaban surukina? Na ja mayafi na ce ban sani ba. Shi kuma Baffa ya juya fuska wajen taga yana ta jan carbi, kunnuwansa na zufa.

Na fito na iske maigidana a gindin darbejiya, yaron na barci a kafaɗarsa. Ya kalle ni, ya sayo mini rake, muka koma gida.

Bayan kwana biyu sai ga matar Baffa ta zo takanas. Ta ce tun ranar bai ci abincin kirki ba. A gida da laƙabi ake kirana, don haka da aka karanta sunana na yanka bai gane ni ce ba sai da na shigo. Ya so ya tashi ya ba ni wuri, kunya ta danne shi shi ma. Wai ya ce in yafe masa. Dattijo mai furfura yana neman gafarata! Kukan da ban yi a Kibiya ba, ranar na yi shi a cinyarta.

'Yan'uwana mata masu neman aiki, ban ce ku yar da kunya ba, da ita aka raine mu. Amma ku tambayi wa za ku tarar kafin ranar. In akwai wanda bakinku ba zai buɗe a gabansa ba, ku aika a faɗa masa, dattawanmu ba sa ƙin ba da wuri. Kuma ku gwada amsa a gaban wanda kuke jin nauyinsa, ba wanda kuke wasa da shi kaɗai ba. Aikin nan wata baiwar Allah ta samu, mutuniyar kirki ce, tana kula mini da yarona ƙwarai. Amma in ciwonsa ya tashi ita ke shiga da shi ciki, ni kuwa ina kan benci a waje ina jira.