Ramukan da Na Shafe a Kwaɓin Khala Maimuna

Ban taɓa mantawa da ranar Alhamis ɗin da na gyara abin da bai lalace ba. Sati na uku ne, ko na huɗu, da na fara aiki a wani gidan girki na mata a unguwar Bani Malik, a Jidda. Na zo da digirina na kimiyyar abinci, aka ba ni wata uku na gwaji. In na ci, uwar ɗakinmu ta mayar da iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, hannunta. In na faɗi, sai gida.

Bari in yi wa sababbinku bayani. Kayan shayin la'asar da aka san mu da su, da kwaɓi mai ganye-ganye, wato mai hawa-hawa siri-siri, ake yi. Ana naɗe bota mai sanyi cikin kwaɓin fulawa, a murza, a ninka, a mayar firji ya huta. Sau shida, ba ƙari ba ragi. In ninkin ya gaza, botar ta tsiyaye a tanda. In ya wuce, burodi kika gasa.

Shugabar kwaɓi ita ce Khala Maimuna, wato Inna Maimuna da Larabci, haifaffiyar Jidda, wadda kakanninta suka zo hajji suka zauna. Ran nan dangin wata amarya sun yi odar mai dabino da mai kirim, a kai kafin la'asar. Da Khala ta tafi sallar azahar, sai na buɗe firji, kamar yadda na saba duba komai sau biyu. Na ga kwaɓi biyar, kowanne da ramukan yatsa a kai. Na ce a raina, mai yiwuwa gaggawa ce, kuma bai dace a gani ba. Na lallaɓa na shafe su tas.

Ta dawo ta buɗe, ta juyo ta dube ni.

"Ya binti, 'yar nan, wa ya taɓa min ajina, kwaɓin nan nawa?"

"Ni ce, Khala. Na ga kamar akwai ramuka, sai na ɗan..."

"Ramuka? Lissafina ne! Rami ɗaya, ninki ɗaya. A jami'arku ba a ƙirga da yatsa?"

Na fara ba da shawarar a sake sabo, ko da yake lokaci ba zai isa ba.

"Halas, ya isa, likita. Miƙo wuƙa."

Ta yanki gefen kowanne, ta ɗaga wajen taga tana ƙanƙance ido. "Wannan uku. Wannan biyar. Wannan biyu, malalaci." Huɗu ta karanta ninkinsu, muka cike su zuwa shida. Na biyar ya gagare ta, shi muka ci da shayinmu. Odar ta fita ana kiran sallar la'asar, ta tashi sosai, tana ruguzowa a baki.

Uwar ɗakinmu ta tambayi ina kwaɓi na biyar. Na buɗe baki da dogon bayanin da na shirya, Khala ta riga ni.

"Karatu ya ci shi. Bar min ita, tana duba firji ba a sa ta ba."

Sai ta kama yatsana ta danna a sabon kwaɓi. "Yalla, ɗaya."

Abin da na ɗauka, in ban yi kuskure ba, shi ne: a kicin, tabon da kika gani wataƙila rubutun wata ne. Ki tambaya kafin ki goge. Shekara tara na yi a gidan, kuma har na bar shi sunana Likitar Ramuka.