Ranar da Na Ƙi Shan Kunun Kanwa

Assalamu alaikum Edita. Lokacin da abin nan ya faru ina koyarwa a wata firamare a Makarfi, ina ganin kaina wayayya, amma ban taɓa iya ce wa babba a'a ba. Da na haifi ɗana na uku sai na tafi wankan jego ƙauyenmu, kusa da Gubuchi. Goggona, ƙanwar mahaifina wadda ta riƙe ni tun ina ƙarama, ita ke dama mini kunun kanwa safe da yamma, ta tsaya a kaina har sai na shanye.

Sati uku da haihuwa ƙafafuna suka kumbura, daga ɗaki zuwa bakin rijiya sai na tsaya ina haki. Maigidana ya kai ni asibiti a Zariya, likitar ta ce zuciyata ce ta yi rauni. Ta zana mini a takarda cewa a kowane bugu naman zuciya musayar sinadarai yake yi, wani ya shiga wani ya fita, kuma wannan musayar ce ke tsara ƙarfin da zuciya take tura jini da shi. Ta ba ni ƙwaya mai taimakon musayar don bugun ya yi ƙarfi, da wata mai rage ruwa. Ta ce kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki ta ƙara wa zuciya aiki, in daina ta gaba ɗaya.

Na fahimta sarai, ba zan yi ƙarya ba. Amma da Goggo ta ce ita ta haifi 'ya'ya tara tana shan kanwa kuma likitoci ba su san jego ba, sai kunya ta kama ni. Na riƙa haɗiye ƙwaya a ɓoye, in sha kunu a gabanta. Bayan kwana goma na yanke jiki na faɗi a tsakar gida, jaririna a kafaɗata. Allah ya tsare shi, ni kuwa na yi sati biyu a gadon asibiti da robar iska a hanci.

Da aka sallamo ni Goggo ta sake miƙo mini kofin. Na durƙusa na ce ta yafe mini, amma ba zan ƙara sha ba. Ta ce boko ya lalata ni, ta yi wata biyar ba ta amsa gaisuwata. Matan gidan suka matsa in je in ba ta haƙuri in sha ko kurɓi ɗaya. Na ci gaba da zuwa gaishe ta, kurɓin ne ban yi ba.

Abin da nake nadama kawai shi ne ban ƙi tun ranar farko ba. 'Yan'uwana masu jego, in ƙafa ta kumbura ko numfashi ya yi wuya, ku tafi asibiti, ku riƙe abin da aka gaya muku ko da za a kira ku marasa kunya. Ni an kira ni, kuma ga ni ina raye, ni nake yi wa yarana wanka.