Dala Dubu Biyun Alu Tela

Bari in fara da kaina kafin wani ya riga ni: ni ne wawan da ya sa Alu Tela ya sayar da kekensa na ɗinki. Bodinga ta sani, Shagari ta sani, har matata in ta so ƙure ni sai ta ce, "Malam Manu, yau dala nawa?" Aji biyu na yi a makaranta, shi ma na biyun korar awaki daga fili na fi yi. Amma rana ɗaya na wayi gari masanin kuɗin duniya.

Ku da kuka san marigayi kun san ba ya amsa gaisuwa kamar mutane. Ka je rumfarsa a kasuwar Bodinga ka ce, "Ina kwana, Alu?" sai ya rage muryar rediyo ya ce, "Ni lahiya lau. Ita ce ta kwana da masassara." Ita wa? Naira! Mutumin da bai taɓa riƙe dala ba ko a mafarki, amma kullum ya san nawa ta kwana, nawa ta wuni. Riyal, sefa, fam, duk ya san halinsu kamar 'ya'yan maƙwabta.

Kuma a kanmu yake hucewa. Na kai masa wando ya yi mini faci a gwiwa, ya faɗi kuɗin da ya sa na dafa bango.

"Haba Alu! Bara nawa ka yi min wanga aiki?"

"Bara dala nawa take?"

"Mi ya haɗa gwiwata da Amurka?"

"Zare. Allura. Man keke. Cikin wandon ga kai kaɗai ne ɗan ƙasa, shi ya sa ban sa maka kuɗi ba."

Bayan wata biyu rediyo ta ce dala ta sauko. Na ruga masa da riga, na ce to yau sai ragi. Ko kai bai ɗaga ba. "Zarena bai ji labari ba. Ba shi sauraren rediyo."

To, wata ranar kasuwar Shagari ina zaune kan buhunan albasata, sai wani dattijo ɗan Nijar mai sayen albasa ya tambaye ni ko na san Alu Tela. Ya ce wan Alu, wanda ya rasu a Ƙwanni da damina, ya bar masa ajiya a hannun limamin unguwarsu: dala dubu biyu.

Ban ko ɗaure buhu ba. Na haye kabu-kabu sai Bodinga.

"Alu, zauna!"

"Zaune nike."

"Dala dubu biyu! Yayanka na Ƙwanni ya bar maka!"

Ya tsayar da ƙafa a kan keke. "Dalar wa?"

Kun ji tambayar mai hankali. Ni kuwa na ce, "Dala iri nawa ce a duniya? Kai da ke kwana da rediyo!"

Ya ɗauki allin ɗinki ya shiga lissafi a kan yadin wani bawan Allah, sifili na bin sifili har suka faɗo gefen yadi. Can ya ce, "Amma Yaya goro yake sayarwa a faranti." Sai murmushi. "Jininmu ne. Mu ba mu nunawa."

Kwana tara Alu ya yi yana mai kuɗi. Mutumin da goro ɗaya ke kai shi kwana uku ya saya wa majalisa tsire, har da yaji na biyu! Waɗanda jiya suke ce masa marowaci suka koma ce masa Alhaji, bai hana ba. Ya yanki shadda ya ɗinka wa kansa babbar riga, wai ba a karɓar dala da tsohuwar taguwa. Ɗinkin ƙarshe ke nan da keken ya yi masa, don da aka zo biyan kuɗin shadda da na mota sai ya ce a nemo mai saye, ai keke mai aiki da wuta zai sawo, guda uku. Ni na kawo mai sayen daga Dingyadi. Har la'ada na ci, Allah Ya yafe mini.

A Ƙwanni liman ya karɓe mu da mutunci, aka yi wa mamaci addu'a, ya shiga ɗaki ya fito da takarda ɗaya. Ɗaya tal. Sefa dubu goma. Alu ya juya ta gaba da baya, ya leƙa bayan liman ko akwai mai biyo shi da jaka.

"Allah gafarta Malam, sauran hwa?"

"Wane saura? Dala dubu biyu ke nan cif."

Nan na koyi karatun da na gudu na bari: a Nijar in tsoho ya ce dala, sefa biyar yake nufi.

Alu bai zage ni ba. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Da za mu dawo, a Illela bakin iyaka 'yan canji suka yanyame mu, ya tambayi farashi, ya yi lissafi da yatsu, abin bai kai rabin keke ba. Ya ninke takardar ya cusa cikin hula. "Ba ni canza ta sai ta kai keke." Da la'adar nan na biya mana motar gida.

Daga nan a keken wani tela yake ɗinki, ana raba kuɗin aiki biyu, yana cikin babbar rigarsa har ta koɗe. Duk sanda naira ta faɗi sai ya taɓa hula, ya aika Sakkwato a tambayo masa kuɗin keke. Sefa ta hau, keke ya hau ya ɗora. 'Yan majalisa, waɗanda suka ci tsirensa, suna tsokanarsa: "Alhaji, yanzu kam takardarka ta yi nauyi!" Sai ya ce, "Ranar Illela in na canza ta, kaji huɗu nika saye. Yau in na canza ta, naira za ta cika min aljihu, in sayi kaji huɗu. Sai dai na yanzu sun hi ramewa."

Na taɓa cewa bari in sayar da tunkiya in cika masa. Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Manu, riƙe taimakonka. Na ga irinsa."

Bai sake mallakar keke ba. Allah Ya jiƙan Alu, Ya yafe masa tsadar facinsa, Ya sa ya tarar da ajiyarsa cif a inda ba a canji, ba a ragi. Ni ma Ya yafe mini bakina.

Takardar tana cikin hulata yanzu. Shi ya ba ni da hannunsa, ranar da na je duba shi yana kwance. Na fara haɗa kalmomin neman gafara, waɗanda na yi shekaru ina ajiya, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Bari wannan," ya ce. "Kai da ka san kuɗin duniya, kwana taran nan da ka ba ni ina Alhaji, a canjin yau nawa suke?"