Kifin Aziza Marar Kai

Aziza ɗiyar ƙanena ce. Shekara shida ta yi tana yi wa wasu 'yan Caina girki a wani kamfanin casar shinkafa wajen Kumbotso. Da mijinta ya rasu ta dawo ƙauyenmu, gefen Bunkure, da yara biyu da tukwane uku da wata kwalba mai baƙin ruwa.

Kifi ta fara sayarwa, amma irin nasu. Ta sayo karfasa wurin masu kamawa a kanal, ta datse kai, ta zare ƙaya, tsoka zalla ta rage. Sai ta jiƙa ta a baƙin ruwan nan, wai na waken suya ne, da ɗanyar citta, tafarnuwa, lemon tsami da ɗan zuma. Idan ya tsumu ta gasa a kasko da man riɗi. Daɗi kam akwai, ni da haƙora biyar ma na shaida.

Amma na gaya mata: "'Yar nan, a garin nan da kai ake sayen kifi. Tunda marasa tsoron Allah suka koyi zuba maganin ƙwari a ruwa, kowa sai ya duba ido ya ɗaga kumatu. Ke kin yar da shaidarki."

Ta ce, "Gwaggo, ai hanci ma shaida ne."

Ranar wata kasuwa, Malam Datti mai noman tumatir ya taso daga gona ya tsuguna a ƙofarta ya ci yanka uku. Bai kai gida ba ya faɗi a bakin kanal, yana amai, bakinsa na kumfa. Ƙaninsa Usaini ya ɗora shi a babur sai asibiti.

Kafin azahar ƙofar Aziza ta cika. Ba mai ihu, kuma shirun nan shi ya fi ba ni tsoro. Wata ta ce, "A nuna mana kawunan." Kawuna kuwa tun safe magen maƙwabta da kaji sun gama da su. Wani ya ɗaga kwalbar yana juya ta. "Wannan rubutun wa ya iya karanta shi? Me ke ciki?" Ɗanbaba mai faci ya fara zancen a kira 'yan sanda, a kulle ta har a ga abin da Allah zai yi da Datti. Yaranta suka riƙe zanina. Na dai ce wa Ɗanbaba, "Kai da ka ci bashin yanka biyu jiya, ga ka tsaye kamar turmi."

Aziza ta matso. Ta jawo farantin kifin, yanka bakwai suka rage, ta zauna a tsakar ƙofa ta cinye su ɗaya bayan ɗaya. Ta tsiyaya baƙin ruwan a cokali ta shanye. 

Muka zauna muna kallonta. Ita ma ba ta tabbata ba, don ba ita ta kamo kifin ba. Ta yi tari sau ɗaya, mata suka ja da baya. Ta raɗa mini, "Gwaggo, in na faɗi, kada ki bar yaran nan su gani."

Sai bayan la'asar Usaini ya dawo. Ya ce Datti yana numfashi. Likita ya ce maganin feshi ne: da hannu Datti ya dama shi a jarka da safe, ya goge a riga, ya zo ya ci kifi da hannun.

Mutane suka watse, ba wanda ya ce mata yi haƙuri. Rabin masu sayenta ba su dawo ba har yau. Tana nan tana gasawa, da buta da sabulu a gefen kasko. Duk wanda ya zo da jarkar feshi a baya, ko hakimin garinsu ne, sai ta tsaya a kansa ya wanke hannu sau uku tana ƙirgawa, kuma ba ta iya zama sai ta ga ya ɓace a kwanar kanal da ƙafarsa.